Yatsa, Rula da Agogo: Yadda Ake Gano Raunin Ƙwaƙwalwa a Motsin Ido

Ranar 13 ga watan Yuli na 2014, a filin Maracana na ƙasar Birazil, ana cikin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya tsakanin Jamus da Ajantina, kafaɗar Ezequiel Garay ta daki kan Christoph Kramer, ɗan wasan tsakiya na Jamus. Ya zube, aka duba shi a gurguje, ya miƙe da ƙafafunsa ya koma fili. Jim kaɗan sai ga shi gaban alƙalin wasa, Nicola Rizzoli ɗan Italiya, yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Sai da ya yi kusan minti 14 yana guje-guje a wannan hali kafin aka fitar da shi.

Abin da ya same shi shi ne jijjigar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ɗan ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu, ko jiki ya sha karon da ya fizge wuya, sai ta girgiza, ta ɗan murɗa a mazauninta. Siraran jijiyoyin da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan su miƙe fiye da ƙima, sinadaran da ke cikin ƙwayoyinsu su tsiyaye waje, na waje su kutso ciki. Nan take ƙwaƙwalwa ta shiga neman ƙarfin da za ta mayar da komai muhallinsa, a daidai lokacin da jinin da ke kawo mata abinci ya ɗan ragu. Mafi yawan waɗanda abin ya sama ba sa suma. In an kai su asibiti aka ɗauki hoton CT, galibi ba a ganin komai, domin hoton kamar leƙen kasuwa ne daga sama: za ka ga rumfuna duk a tsaye, amma ba za ka san ko ciniki na tafiya ba. Bakin mai raunin ma ba abin dogaro ba ne. Ɗan wasa yana son komawa fili, da ka tambaye shi zai ce lafiyarsa ƙalau, wani lokaci ma da gaske yake, bai san abin da ya faru da shi ba.

To ina za a leƙa? Masu wannan sana'a sun samo amsa a ido.

Kowane ido yana da tsokoki shida da ke juya shi, kuma jijiyoyi uku daga cikin goma sha biyun da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa su ke sarrafa su. Umarnin da ke bin waɗannan jijiyoyi ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Sashen goshi ne ke yanke shawarar inda za a duba. Sashen da ke saman kai ta baya yana lissafa inda abin yake. Gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, shi ke ba tsokoki ƙarfin fizga. Ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya tana gyara awo don kada ido ya zarce ko ya gaza. Can cikin kunne kuma akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da ke ba da rahoton duk wani juyi da kai ya yi. Masana sukan ce kusan rabin hanyoyin ƙwaƙwalwa suna da hannu a harkar gani. Saboda haka da wuya jijjiga ta ratsa ƙwaƙwalwa ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma duk wadda ta taɓa, alamar za ta iya fitowa a wurin da kowa ke gani, a kuma auna ta da agogo da rula.

Akwai wani abu game da ido da ya kamata a sani kafin a fahimci gwajin. Wurin da ke gani tangaran a bangon bayan ido ɗan ƙarami ne ƙwarai. In ka miƙa hannunka ka dubi farcen babban yatsanka, faɗin wannan farce shi ne kusan iyakar abin da kake gani sarai a lokaci guda. Sauran duk dishi-dishi ne, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbi. Don haka dole ido ya riƙa tsalle daga nan zuwa can, kamar sau uku a kowane sakan, muddin mutum yana farke. Wani likitan ido Bafaranshe, Louis Émile Javal, shi ya bayyana a ƙarshen shekarun 1870 cewa idon mai karatu ba zamewa yake a kan layi ba, tsalle yake yana tsayawa. Wannan tsalle na cikin motsi mafi sauri a jikin ɗan Adam, kuma ƙwaƙwalwa tana ɓoye mana shi. Tsaya gaban madubi ka dubi idonka na dama, sannan na hagu. Ba za ka taɓa kama su suna motsi ba, alhali wanda ke gefenka yana ganin motsin ƙarara.

Yanzu bari mu tsaya bayan ma'aikaciyar lafiya mu ga yadda take aiki. Tsarin da za ta bi shi ne wanda Anne Mucha da abokan aikinta na Jami'ar Pittsburgh a Amurka suka wallafa a 2014, ana kiransa VOMS a taƙaice. Kayan aikinta za su shige aljihun riga: rula mai santimita, ɗan icen nan da likita ke danne harshe da shi an rubuta ƙaramin harafi a kansa, wayar hannu mai manhajar da ke buga ƙas-ƙas bisa ƙidaya, da takarda da biro.

Ba ta fara da ido ba. Sai ta tabbatar babu ciwon wuya, babu amai a kai a kai, babu farfaɗiya, babu sanyin hannu ko ƙafa, ciwon kai ba ya ƙaruwa, hankali ba ya gushewa. Ta haska 'yar fitila ta duba ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin ido: shin duka biyun girmansu ɗaya, suna tsukewa tare? In ɗaya ta buɗe ta ƙi tsukewa, maganar gwaji ta ƙare, sai asibiti da gaggawa, domin wataƙila jini ne ke taruwa a cikin kai. Sai bayan ta kawar da waɗannan za ta zaunar da wanda ya bugu. In mai sa tabarau ne, ya bar shi a fuskarsa.

Sannan ta yi tambayoyi huɗu: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da jin kamar hazo ya rufe tunani. Kowanne ya ba shi maki daga sifili zuwa goma. Ta rubuta. Waɗannan lambobi huɗu su ne ma'aunin da za ta riƙa komawa gare shi, don bayan kowane mataki za ta sake yin tambayoyin nan huɗu, ta ga wanne ya motsa.

Mataki na farko shi ne rakiyar ido. Ta zauna fuska da fuska da shi, ta ɗaga yatsa ɗaya a nisan santimita 90 daga fuskarsa. "Bi yatsana da ido, kada ka motsa kai." Ta ja yatsan santimita 45 zuwa dama, ta dawo da shi santimita 45 zuwa hagu, tafiyar daga wannan gefe zuwa wancan ta ɗauki sakan biyu. Sau biyu a kwance, sau biyu a tsaye. Sakan biyun nan ba ado ba ne. Tsarin rakiya yana da iyakar gudun da zai iya bi, in ta yi gaggawa ko lafiyayyen ido zai fara tsalle don ya cim ma yatsan, ta ɗora wa mai lafiya ciwon da ba shi da shi. Hannunta na tafiya, amma idonta na kan nasa. Lafiyayyen ido yana bi sumul. Wanda ya jijjigu yakan tsaya a baya, ya ɗan zabura ya kamo, ya sake tsayawa, ana ganin ƙyaf-ƙyaf ɗin a gefen baƙin idon.

Na biyu shi ne tsallen ido. Wannan karon yatsu biyu ta ɗaga, ɗaya a dama ɗaya a hagu, tazararsu santimita 90. Ya riƙa kai idonsa daga wannan zuwa wancan da iyakar saurinsa, zuwa da dawowa sau goma. Sai ta juya yatsun, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a sake goma. Abin da take nema: shin ido yana dira daidai kan yatsa, ko yana zarcewa ya dawo, ko yana gazawa ya ƙara ɗan tsalle na biyu? Shin gudun yana raguwa a kan na bakwai ko na takwas? Shin ya fara taimaka wa idon da kai ba tare da ya sani ba, ko yana lumshe ido yana yamutsa goshi?

Na uku shi ne haɗuwar idanu, kuma a nan rula ke aiki. Duk lokacin da abu ya matso kusa da fuska, idanu biyu dole su karkato ciki wajen hanci, daidai wa daida, in ba haka ba abin ya rabu biyu. Ta ba shi icen mai harafi ya riƙe a iyakar tsawon hannunsa, ya riƙa kawo shi a hankali zuwa kan hancinsa yana kallon harafin. "In ya dushe, ci gaba. In ya zama biyu, tsaya." Bambancin yana da muhimmanci: dushewa aikin madubin cikin ido ne, rabuwa biyu kuwa gazawar tsokoki da masu ba su umarni ce. Ita ma tana sa ido, domin wani lokaci ido ɗaya yakan saki ya kauce waje tun kafin mai shi ya ce uffan. Da an tsaya, ta ɗora rula daga kan hanci zuwa icen, ta rubuta santimita. Sau uku ake yi, saboda akwai idon da zai daure a karon farko ya sare a na uku. Santimita 5 ko fiye alama ce da ke sa a ƙara bincike. Wanda wannan ya lalace masa shi ne ɗalibin da zai koma aji bayan ya bugu, ya buɗe littafi, minti kaɗan kansa ya ɗau ciwo, haruffa su riƙa hawa kan juna, a ce masa lalaci ne.

Na huɗu shi ne riƙon kallo yayin da kai ke motsi. Gwada wannan da kanka: miƙa hannu, kafa ido kan babban yatsa, ka riƙa girgiza kai dama da hagu. Yatsan yana nan sarai. To tsayar da kai, ka girgiza yatsan da irin wannan saurin. Sai ya dushe. Dalili shi ne a karon farko kunne ne ke aiki: ruwan da ke cikin bututun nan uku yana motsawa, saƙo ya bi gajeriyar hanya ta gindin ƙwaƙwalwa, idanu su juya kishiyar inda kai ya nufa, daidai gwargwado, cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. Da wannan ne mutum ke iya karanta allon kan titi yana tafe. Don gwada shi, ta riƙe harafin a nisan santimita 90, ta kunna manhajar ta sa bugu 180 a minti, wato uku a sakan. Ya kafa ido kan harafin ya riƙa juya kai digiri 20 kowane gefe, kowane ƙas juyi ɗaya, sau goma. Sannan sama da ƙasa, irin gyaɗa kai. Da ya gama ba ta tambaye shi nan take. Sai ta ƙirga sakan goma, domin jirin yakan makara kafin ya iso.

Na ƙarshe shi ne jure wa motsin abin da ke kewaye. Ta tsayar da shi, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, yana fuskantar wuri mai kai-komo ko tarkace. Ya miƙa hannu ya kafa ido kan babban yatsa, ya juya kai da ƙirji da hannu gaba ɗaya, digiri 80 dama, 80 hagu, bisa bugu 50 a minti, sau biyar. Yatsa na tsaye a idonsa, duniya na gudu a bayan yatsan. Ƙwaƙwalwa mai lafiya tana watsar da wannan gudu. Wadda ta jijjigu takan ruɗe, zuciya ta tashi. Ita kuma tana tsaye dab da shi, hannunta a shirye ko zai yi tangaɗi.

Duka aikin minti biyar zuwa goma ne. In ɗaya daga cikin alamomin nan huɗu ya ƙaru da maki biyu ko fiye bayan wani mataki, ta ja layi a ƙarƙashinsa. A nazarin farko na Pittsburgh, an gwada matasa 64 masu jijjigar ƙwaƙwalwa da lafiyayyu 78, kuma kashi 61 cikin ɗari na masu raunin sun ji alamominsu sun tashi a aƙalla mataki ɗaya. Amfanin takardar da ma'aikaciyar ta cika ya wuce cewa akwai rauni ko babu. Tana nuna wace hanya ce ta taɓu, a san irin atisayen da za a ba shi: na haɗa idanu ne, ko na daidaita kunne da ido.

Akwai wani gwajin da ya fi wannan gajarta, wanda aka fi yi a bakin fili. Alan King da Steven Devick suka ƙirƙiro shi a 1976 a wata kwalejin koyon awon ido da ke jihar Illinois, asali don gano masu wahalar karatu saboda motsin ido. Katuna uku ne, kowanne da lambobi ɗai-ɗai a jere cikin layuka, tazarar da ke tsakaninsu ba iri ɗaya ba ce, don kada ido ya haddace tsawon tsallen. A kati na farko akwai zane da ke jagorantar ido daga lamba zuwa lamba. A na biyu an cire zanen. A na uku an matse layukan har suna neman cuɗanya. Mutum ya karanta da ƙarfi, daga hagu zuwa dama, da iyakar saurinsa, mai gwaji na riƙe da agogo yana ƙirga kurakurai. Bai kai minti biyu ba. Amma cikin wannan ɗan lokaci an sa tsallen ido, da natsuwa, da gane lamba, da furta ta, duk sun yi aiki tare. A 2011 masu bincike na Jami'ar Pennsylvania suka gwada shi kan 'yan damben zamani da masu faɗan gauraye su 39, kafin faɗa da bayansa. Waɗanda suka bugu a ka sun ɗauki wajen sakan 59, sauran kuwa wajen 41.

Sirrin wannan gwaji yana cikin aikin da aka yi tun kafin kowa ya ji ciwo. Kowane mutum da saurin karatunsa, don haka dole a auna ɗan wasa tun farkon kaka, yana lafiya lau, a adana lambarsa. Lafiyayye in ya maimaita yakan ɗan ƙara sauri, domin ya saba. Wanda ya koma baya, ko da 'yan sakanni ne, shi ake cirewa a duba. Ƙungiyar da ta yi ƙyuyar wannan awo na farko, ranar da abin ya faru za ta riƙe lamba a hannu ba ta da abin kwatanta ta da shi. Gogaggen mai gwaji ma ya san akwai ɗan wasan da zai ja ƙafa da gangan a awon farko don ya samu sarari nan gaba, shi ya sa yake maimaita masa, yana sauraren muryarsa.

Na'urori ma sun shigo. A watan Disamba na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da EyeBOX, wadda ta samo asali daga binciken Uzma Samadani, likitar tiyatar ƙwaƙwalwa. Mutum ya ɗora haɓa a kan matashi, ya kalli ɗan bidiyo da ke zagaya gefen allo na tsawon sakan 220, kyamara na bin kowane ido daban. Abin da take nema shi ne ko idanun biyu na tafiya tare, ko ɗaya na saɓa wa ɗaya da ɗan abin da idon mutum ba zai iya kamawa ba. Ba ta buƙatar awon farko. Duk da haka hukumar ta amince da ita ne a matsayin mataimakiya ga likita, hukunci na hannun mutum.

Wanda ya ga wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a 2018 zai tuna kurakurai biyu na Loris Karius, mai tsaron gidan Liverpool, bayan gwiwar hannun Sergio Ramos ta same shi a ka. Duniya ta yi masa ca. Kwanaki bayan haka likitocin wani babban asibiti a Boston suka duba shi, suka sanar cewa ya samu jijjigar ƙwaƙwalwa a wasan, kuma alamun da suka gani sun nuna tangarɗa wajen gane nisa da mazaunin abu da ido. Ga mai aikin cafe ƙwallo, wannan shi ne jarinsa gaba ɗaya.

Masu wannan aiki su ne na farko wajen faɗin iyakarsa. Akwai lafiyayyun da tun asali idanunsu ba sa haɗuwa da kyau, akwai masu amai a mota da gwajin juyi zai tayar musu da zuciya ba tare da sun bugu ba, akwai kuma mai raunin da zai wuce gwajin ido lafiya. Shi ya sa ake haɗa shi da gwajin tuna kalmomi, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da tafiya a kan layi, da labarin yadda karon ya faru. Babban taron masana da aka yi a Amsterdam a 2022 ya sa wani nau'i na VOMS cikin kayan aikin da likita zai yi amfani da su a ofis, a gefen sauran gwaje-gwaje. Ƙa'idarsu ɗaya ce: in ana shakka, a fitar da shi, ba zai koma fili a ranar ba. Dalilin kuwa mai nauyi ne. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa. Haka Rowan Stringer, 'yar shekara 17 mai wasan zari-ruga a Kanada, ta rasu a 2013, har lardin Ontario ya kafa doka da sunanta a 2018. Wanda aka gano da wuri kuwa, hutun kwana ɗaya zuwa biyu, rage kallon waya, sannan komawa motsa jiki mataki-mataki, yawanci shi ke nan, manya su warware cikin mako biyu, yara cikin wata guda.

Mu ma kai na buguwa a wurinmu kullum: a fagen dambe, a filin ƙwallon unguwa, a kan babur babu hular kwano. Abin da aka saba shi ne a zuba wa mutum ruwa a ka, a ɗaga masa yatsu biyu a ce nawa ne, in ya ce biyu a ce ya tashi, namiji ne. Wannan tambaya ba ta auna komai, mai jijjigar ƙwaƙwalwa zai amsa ta daidai. Yatsun da aka ɗaga masa su ne dai kayan aikin waccan ma'aikaciya. Abin da ta fi mu da shi shi ne ta san nisan da za ta riƙe su, da saurin da za ta motsa su, da abin da za ta kalla, ta kuma yarda ta ba aikin minti goma ta rubuta abin da ta gani. Rula da agogon waya ba su fi ƙarfin kowace ƙungiya ko ƙaramin asibiti ba. Abin da ake buƙata shi ne a horar da ma'aikatan lafiya su iya, a auna 'yan wasa tun suna lafiya, kuma idan mai gwaji ya ce wane ba zai koma ba yau, koci da iyaye da 'yan kallo su bar maganarsa ta zauna.